Farautar taska da waya: yadda muke yi da yaran gidanmu

Wasan da Turawa ke kira jiyokashin, yaran gidanmu a Samaru sun raɗa masa "farautar taska". Mutum ya ɓoye ɗan mazubi a wani wuri, ya ɗauki lambobin GPS na wurin, wato lambobin da ke nuna ainihin inda wuri yake a taswira, wasu su bi lambobin da waya har su gano shi. A Amurka aka fara, a watan Mayun 2000, bayan gwamnatinsu ta daina dusashe wa farar hula siginar GPS. Wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon, ya sa lambobin a intanet.

Ka samo roba mai murfin murɗawa, irin ta man shafawa, ka wanke ta tas. Gwangwani tsatsa yake yi. A ciki ka sa ɗan littafi a leda, da fensir, don biro bushewa yake yi, sai tarkacen da yara ke so: duwatsun carafke, zoben roba, balan-balan. Ban da alawa da biskit, sai dai in tururuwa ka yi niyyar ciyarwa. Wanda ya gano zai rubuta sunansa da kwanan wata, in ya ɗauki abu ya ajiye kwatankwacinsa, ya mayar da robar yadda ya same ta.

Wurin ɓoyewa shi ne inda na sha kunya. Robata ta farko a gindin wata ɗorawa na cusa ta, a bakin gona ta hanyar Shika, ban gaya wa kowa ba. Mai gonar ya gani, ya ɗauka asiri aka yi masa, ya banka mata wuta. Da muka je nema muka yi masa bayani, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Malam, ina laifin ka yi sallama?" Gaskiyarsa. A ƙasar nan duk wanda ya ga abu a ɓoye, in bai kawo sammu a ransa ba zai kawo bam. Don haka ka fara neman izinin mai wuri, ka sanar da mai unguwa, ka rubuta a jikin robar da boko da ajami cewa wasan yara ne. Kada ka haƙa rami ka binne. Kogon bishiya ko tsagar dutse sun isa. Kuma kada ka nitsa daji, kowa ya san halin da ake ciki. Lambun mangwaro na bayan gari ya wadatar.

In ka ɓoye, ka tsaya a wurin minti biyu kafin ka ɗauki lambobi a Google Maps, ka maimaita sau uku, domin a ƙarƙashin bishiyoyi waya kan kuskure da mita goma. A Zariya lambar farko da 11 take farawa, ta biyu da 7. In za ka sa taskarka a Geocaching.com, shafin intanet na masu wannan wasa, dole ta yi nisan aƙalla mita 161 da kowace taska da ke shafin.

Ranar nema, yaro ne zai riƙe wayar, kai ka kama bakinka. Wannan ya fi komai wuya, musamman in suna ta "Kawu, don Allah nan ne?" alhali ƙafarsu na gab da taka abin. In saura mita biyar, su sa wayar a aljihu su yi aiki da ido. Kowa da takalmi sau-ciki da sanda, ba a zura hannu a rami sai an zungura, saboda kunama da kububuwa. Mu bayan La'asar muke fita, mu dawo kafin Magariba.

Ka riƙa leƙa robar duk wata. Da damina ciyawa na rufe ta, da rani masu farautar gafiya na ƙona dajin. Zuwanmu na ƙarshe mun tarar wani ya rubuta sunansa da ajami, ya ɗauki zoben, ya bar mana ɗanƙon harbin tsuntsu.