Yadda ake tsara bincike kan lafiyar mai jego da jaririnta

Ungozoma ko likitan da ya daɗe a ɗakin haihuwa ba ya rasa tambayar da ke cin ransa: me ya sa wannan ta zubar da jini waccan ta tashi lafiya, me ya sa wasu jarirai ke dawowa da zazzaɓi a makon farko. Kafin irin wannan tambaya ta zama binciken da wasu za su yarda da sakamakonsa, ga matakan da ake bi.

Da farko a taƙaita tambayar. A rubuta su wa za a duba, me za a yi musu, da su wa za a kwatanta su, me za a auna, kuma zuwa yaushe. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutuwar uwa har kwana 42 bayan ƙarshen ciki, ta sabon jariri kuma cikin kwana 28 na farko. A tsaya a kan waɗannan iyakoki, don sakamakon ya kwatantu da na sauran masu bincike.

Na biyu, a zaɓi ma'auni, kuma a ganina nan ne yawancin ƙananan bincike ke tuntuɓe. A ɗauki zubar jini. An daɗe ana ɗaukar mililita 500 cikin awa 24 bayan haihuwa a matsayin zubar da ta wuce kima, 1,000 kuma mai tsanani. To amma wa ya auna? Ido yakan raina jinin da ya zuba, domin wani ya jiƙa zane, wani ya malale ƙasa. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda ya shafi mata sama da 200,000 a asibitocin Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya yi amfani da wata leda mai zanen awo da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu. Da jini ya kai layi sai a haɗa mata taimako a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, maganin tiraneksamik asid mai taimaka wa jini ya tsaya, ƙarin ruwa da duba inda jinin ke fitowa. Mummunan sakamako, kamar zubar jini mai tsanani ko mutuwa, ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Duk abin da za a auna, hawan jini ne ko nauyin jariri, a rubuta na'urar da lokacin awon, a horar da kowa ya yi shi iri ɗaya, har da masu aikin dare.

Na uku, raba mata rukuni-rukuni: masu samun abin da ake gwadawa da waɗanda za a kwatanta da su. In magani ko wata dabara za a gwada, kwamfuta ce za ta yi rabon ta hanyar ƙuri'a, domin ma'aikaci mai tausayi zai ba wadda ta fi jigata sabon maganin, lissafi ya karkace. A gwajin WOMAN na 2017, mata kusan 20,000 a ƙasashe 21 sun samu ko dai tiraneksamik asid ko allura mai kama da ita wadda babu magani a ciki, mai yin allurar ma bai san wace ce ba. Haka aka gano maganin yana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an ba da shi cikin awa uku bayan haihuwa. A nemi masanin ƙididdiga tun kafin a fara, ya faɗi yawan matan da ake buƙata.

Na huɗu, izini. Kwamitin da'ar bincike zai duba tsarin, sannan a yi wa gwajin rajista kafin a ɗauki mace ta farko. Macen da ke naƙuda ba ta da natsuwar sauraron takarda mai shafi uku, don haka a yi mata bayani tun lokacin awon ciki, da harshen da take ji, a kuma gaya mata ƙin shiga ba zai rage kulawar da za ta samu ba.

Na biyar, bibiya, wadda ta fi kowane mataki cin wahala. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce a duba uwa da jariri cikin awa 24, sai tsakanin awa 48 zuwa 72, sai kwana 7 zuwa 14, sai mako na shida. A jingina ranakun bincike da waɗannan, kada a ƙara wa mai jego zirga-zirga. A karɓi lambar waya biyu, tata da ta wani na kusa da ita. Wadda ta daina zuwa sau da yawa ita ce wadda ciwo ya kwantar, ko jaririnta ya rasu, kuma in ta fita daga lissafi sakamakon zai yi kyawun ƙarya. A tambayi halin zuciyarta ma; ma'aunin Edinbura na gano ciwon damuwa bayan haihuwa tambaya 10 ne kawai.

Wajen rubuta rahoto a faɗi mata nawa aka ɗauka, nawa suka ɓace a hanya da dalili, a kuma wallafa ko da maganin bai nuna amfani ba. Lambar shaidar uwa da ta jariri a kundin bincike su kasance a haɗe tun ranar farko, tagwaye kuma kowanne da layinsa a kundin.