Darasi na 7: Sa Mai a Hinjin Tirelar Dawakai

Alminiyam, wanda ake yin hinjin wasu tirelolin dawakai da shi, ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shi ya sa wasu ke zaton ba ya bukatar kulawa. Amma yana da tasa cutar. Duba hinjin ƙofar tirela da kyau. In ka ga wani farin gari kamar toka ya taru a bakin ramin da ƙusa ke shiga, to ƙarfen ya fara ciwuwa. Yawanci ƙusar ta baƙin ƙarfe ce, hinjin kuwa alminiyam. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a wuri mai danshi, musamman mai gishiri, alminiyam ne ke shan wahala. Fitsarin doki da ruwan wanki su ke kawo danshin. Garin nan yana taruwa cikin ramin, ya matse ƙusar har ƙofa ta ƙi motsi.

Kafin mai, sai wanki. Fitar da doki, ka wanke hinjin da ruwan sabulu da burushin roba, ka ɗauraye, ka bari ya bushe sarai. Kada ka sa burushin waya na baƙin ƙarfe, domin yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyam, daga nan sabuwar ɓarna take tashi.

Wajen zaɓen mai ake yawan kuskure. Man da ke da girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, ba ya shiri da alminiyam, ƙara cin ƙarfen yake yi. Haka ma man hana maƙalewa mai haɗe da jan ƙarfe. Man feshi na WD-40 na yau da kullum yana korar ruwa, yana sassauta abin da ya cije, amma ba shi da kauri, ba ya daɗewa. Ga hinjin da ke ɗaukar nauyi, kamar na ƙofar baya da doki ke takawa, farin giris na litiyam ko giris na jirgin ruwa ya fi. Ga ƙusoshin shingen tsakiya da sakata, feshin silikon ko na Teflon mai bushewa ya isa, kuma ba ya kama ƙura. Giris da ya sha yashi, ai ya zama sanfefa. Inda akwai zoben roba a cikin hinji, silikon za ka sa, don wasu mayukan suna kumbura roba.

In hinjin yana da bakin ɗura giris, goge shi, ka matsa famfon giris sau 2 ko 3 har sabon giris ya leƙo ta gefe. In babu, zare ƙusar, ka shafa kaɗan, ka mayar. Hinji ɗaya-ɗaya ake yi, tare da tokare ƙofar, don tana da nauyi. Sai ka buɗe ka rufe kamar sau 10 don man ya ratsa.

Ƙusar da ta cije fa? Fesa mata man sassautawa, ka bar ta ta kwana. Washegari ɗora guntun katako a kanta, ka riƙa bugawa a hankali. Guduma kai tsaye tana faɗaɗa kan ƙusa, ko ta tsaga hinjin, alminiyam kuwa ba shi da ƙarfin jure duka.

Goge duk man da ya yi saura da tsumma. Doki yana lasar abin da bakinsa ya kai, kuma ɗigo kaɗan a shimfiɗar roba kan sa ya zame. A maimaita aikin duk wata 3, da kuma bayan wanki da ruwa mai ƙarfi. In ka ɗaga ƙofa ka ji tana wasa, ramin ya riga ya buɗe, mai ba zai gyara shi ba, sai sabon zobe ko sabon hinji.