Kurakuran sabon maharbi a farautar barewa mai farar wutsiya

A jihar Wiskonsin ta Amurka, babbar kakar farautar barewa da bindiga kwana 9 ce a shekara. Tana buɗewa ranar Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiya na Thanksgiving, a ƙarshen watan Nuwamba, kuma tun kafin assalatu za ka ga motocin a-kori-kura jere a bakin gonaki, kowa sanye da riga da hula ruwan lemo. Dabbar da ake nema ba barewarmu ta sahel ba ce, suna dai muka ara mata. Ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, namijin yana da ƙaho mai rassa wanda ke zubewa duk shekara ya sake tsirowa, idan kuma ta firgita sai ta ɗaga wutsiya, farin da ke ƙarƙashinta ya bayyana kamar tuta. A kakar farautata ta farko na ga wannan tutar sau da yawa kafin na samu nama a rana ta bakwai, kuma abin da na koya a tsakani shi nake son faɗa wa duk ɗan uwan da ke shirin shiga dajin nan.

Kuskuren farko a gida ake yin sa, wato shiga daji da ilimin ji-ta-ji-ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Wiskonsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta kafin a sayar masa da lasisi, in ba haka ba sai dai ya fita ƙarƙashin kulawar gogaggen maharbi da zai zauna dab da shi. Ana sayen lasisin ta tsarin Go Wild na hukumar DNR mai kula da albarkatun ƙasa. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne takardar izinin harbin mace. Ita wannan an rubuta mata yankin farauta, an kuma rubuta ko ta filin gwamnati ce ko ta gonar mai zaman kansa, kuma ba ta aiki a wani wuri dabam. Namiji a idon doka shi ne mai ƙaho ko da guda ɗaya da ya kai inci 3. Lokacin harbi daga minti 30 kafin fitowar rana ne zuwa minti 20 bayan faɗuwarta. Kowace jiha da nata tsarin, don haka ka nemi littafin dokokin shekarar da kake ciki ka karanta da idonka. Wanda ke zaune da bizar karatu ko ta aiki ya ƙara kula, domin dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa, lasisin farauta mai aiki yana cikinsu. Ya tabbatar da matsayinsa kafin ya taɓa bindigar kowa.

Sai bindigar kanta. Mutum ya saya ko ya ara, ya ɗauka cewa inda ya saita nan harsashi zai faɗa. Madubin bindiga yana gocewa, kuma harsashin kamfani kaza ba ya sauka inda na wancan ke sauka. Ka je filin gwaji da irin harsashin da za ka yi farauta da shi, ka daidaita a yadi 100, sannan ka tashi daga kan teburi ka gwada harbi a zaune da kuma jingine, sanye da rigar sanyin da za ka sa ranar. Nisan da kake iya zuba harsashi cikin faɗin faifai sau biyar a jere, nan ne iyakarka, kome kyan dabbar da ta tsaya gaba da nan.

Yanzu ga babban kuskure, wanda ya ci mini ranakun farko: raina hancin barewa. Mu da muka tashi muna ganin farautar rani a gida, taron jama'a ne da karnuka da gora da kiɗa, a tayar da nama a bi shi da gudu. A nan mafi yawan farautar dako ce. Ka zauna wuri guda, ita dabbar ta zo da ƙafarta, kuma iska ce alƙali.

Ranar buɗewa na zaɓi gindin wata bishiya da ke kallon wata 'yar hanya mai cike da sawu. Wajen ƙarfe 8 na ji ƙarar busassun ganye, sai ga wata uwa da 'ya'yanta biyu suna gangarowa. Tana kai kamar yadi 80 ta tsaya cak, ta ɗaga hanci, ta buga ƙafar gaba a ƙasa, ta yi wani huci mai ƙarfi kamar an sace tayar mota, sai farin wutsiya uku suka ɓace cikin kurmi. Ban motsa ko yatsa ba. Da rana na ba dattijon da ya kawo ni labari, wani Bature da muke aiki tare, mai gonar da muke ciki. Bai ce kome ba, ya tsinko audugar wata ciyawa ya sake ta daga inda na zauna. Muna kallo ta bi iska ta nufi daidai inda uwar ta tsaya.

Gyaran abu ne mai sauƙin faɗa. Iska ta riƙa bugun fuskarka, ta fito daga inda kake sa ran dabbar. Ka tanadi wuraren zama biyu ko uku, kowane da iskar da ta dace da shi, da safe ka duba hasashen yanayi ka zaɓa. Hanyar da za ka bi ka shiga ma tana cikin lissafi, domin idan ka ratsa ta inda suke kwana ko inda suke kiwo, ka kore su tun da duhu. A wuri mai tudu da kwari kuwa, iskar safe tana hawa sama idan rana ta ɗumama ƙasa, ta yamma tana gangarowa. Turare, hayaƙin turaren wuta, ƙamshin soyayyen abinci da ya kama riga, duk ka raba kayan farautarka da su, ka ajiye su cikin leda a waje. Amma kada wani sabulu ko feshin kashe wari ya ruɗe ka. Suna ragewa ne kawai.

Sababbi da yawa suna jin tsoron rigar ruwan lemo, wai za ta tona su. Idon barewa ba ya bambance ja da ruwan lemo kamar namu, shuɗi ne yake gani sosai, don haka wandon jins ya fi rigar tona asiri. Dokar jihar ta ce aƙalla rabin tufafin da ke sama da ƙugu su zama ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, har da hula in ka sa, kuma rigar nan ita ce ke tsakaninka da harsashin maƙwabci. Abin da barewa ke kamawa shi ne motsi. Juya kai da sauri, zaro waya, sosa ƙeya. Ka motsa ido kafin kai, ka ɗaga bindiga lokacin da kanta ke ƙasa ko ya shige bayan bishiya.

Sanyi ke tayar da mutane daga dako, kuma zufa ce mafarinsa. Mutum ya jibga kaya tun daga mota, ya yi tafiyar minti 20, ya jiƙe sharkaf, ya zauna, kafin ƙarfe 9 haƙoransa na haɗuwa. Ka ɗauki babbar rigar a jaka sai ka isa, kada na jikin fata ya zama auduga, ka riƙe shayi a fulas. Wanda ya jure har azahar yana cin riba, domin lokacin da sauran maharba ke fita neman abinci suna tayar da dabbobi, su kuma su nufo wanda ya zauna.

Idan dakalin kan bishiya za ka hau, ka sani faɗowa daga kai tana cikin abubuwan da suka fi ji wa maharban barewa mummunan rauni. Ka ɗaura ɗamarar tsaro tun ƙafarka na ƙasa har ka sauko. Bindiga kuma a cire mata harsashi, a jawo ta da igiya bayan ka zauna.

Ranar Juma'a, rana ta bakwai, an yi ƙanƙara da dare, daji ya yi fari fat. Na yi asuba a gefen mota, na zagaya ta bayan gonar masara iska na dukan fuskata. Ƙarfe 7 da 'yan mintuna wata babbar mace ta fito ita kaɗai. A nan ne jiki ke ɗaukar rawa, numfashi ya sarƙe, kuma a nan ne sababbi ke yin harbin gaggawa: su saita dabbar gaba ɗaya, ko kai, ko kuma su harbe ta tana gudu. Kai ƙarami ne kuma ba ya tsayawa, kuskure kaɗan ka farfasa mata muƙamuƙi ta je ta mutu da yunwa. Wurin da ake nema shi ne bayan ƙafar gaba, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda huhu da zuciya suke, kuma sai ta ba ka gefe. Ka kuma dubi abin da ke bayanta. Dabbar da ta tsaya a kan tudu, sararin sama a bayanta, ba a harbinta, don ba ka san inda harsashin zai sauka ba. Na jira ta juya, na ga gangaren ƙasa a bayanta, na yi bisimilla, na matsa kunama a hankali.

Ta yi tsalle ta harba ƙafafun baya, ta ruga. Kuskuren da ke biye shi ne tashi a bi ta nan take. Dabbar da aka harba, in an ƙyale ta, tana kwanciya kusa. In an tayar da ita, sai ta yi nisan da ba za a ƙara ganinta ba, ko ta tsallaka gonar wani, inda ba ka da ikon shiga sai da izininsa ko da kana hango ta kwance. Ka riƙe wurin da ta tsaya da wurin da ka yi mata ganin ƙarshe, ka sa wani harsashi, ka ba ta kamar minti 30. Sannan ka karanta jinin. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, tana kusa. Ja mai duhu na hanta ne, a jira awa 3 zuwa 4. Idan ka ga ruwa kore-kore mai wari da guntun abinci, tumbi ka samu, ka ja da baya a hankali ka ba ta awa 8 ko fiye. Nawa jinin kumfa ne a kan ƙanƙara, ina binsa ta gefe don kada in tattake, ban kai yadi 70 ba na same ta a gindin wani kututture.

Ka tunkare ta ta baya, bindiga a shirye, ka taɓa idonta da tsinke. Mataccen ido a buɗe yake, ba ya ƙiftawa. Ga Musulmi, bisimillar lokacin harbi wajibi ce a kiyaye, idan kuma ka tarar da sauran rai to yanka ya hau kanka, saboda haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugu. Ka yi hattara da kofatonta, yana yanka kamar aska. Wannan babin ka zauna da malaminka a kansa kafin kaka ta zo.

Nama yana lalacewa ne daga jinkirin fitar da kayan ciki. Wanda ya saba fiɗar ragon layya ba baƙo ba ne a nan: ka sa safar hannu, ka tsaga fata bakin wuƙa na kallon sama, yatsu biyu suna danne tumbi, ka kiyaye mafitsara. Kada ka ɓata lokaci neman matsarmama a jikin hanta, barewa ba ta da ita. Ka buɗe ƙirjin da ɗan itace iska ta shiga, idan kuma zafin gari ya haura digiri 4 na Salshiyas, a cusa ƙanƙara a ciki ko a hanzarta kai ta wurin mahauci. Ka yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi ka zubar, domin dalma tana tarwatsewa cikin nama, shi ya sa wasu suka koma harsashin tagulla. Rajistar dabbar ta GameReg, tsarin rajistar naman farauta na DNR, kuma kada ta wuce ƙarfe 5 na yammacin washegarin ranar da ka same ta.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu masu son farfesun kai. A shekarar 2002 aka tabbatar da cutar CWD a barewar Wiskonsin, cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwar dabbar har ta rame ta mutu, kuma dafuwa ba ta kashe abin da ke jawo ta. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita. Ƙwaƙwalwa, ido, lakar gadon baya, saifa da kaluluwa, duk a bar su. Ni na kai kan tawa wurin karɓar samfur na DNR, na jera naman a firiza kowane ƙulli da kwanan wata, ba mu taɓa ko tsoka ɗaya ba sai da sakamako ya fito ba ta da cutar. A ranar uwargida ta yi mana dambun nama da cinya guda, na ɗebi kwano na kai wa dattijon mai gona.