"Ai katun ne kawai": kurakuran da aka fi yi da fina-finan duniyar wasan bidiyo, da yadda za a gyara su

Ranar da na fara kunna wa 'yar ƙanwata fim ɗin Wreck-It Ralph shekararta biyar. Na danna rimot, na koma ɗaki kan aikina, ina murna na samu hutun minti 101. Ban kai ga cinye hutun ba na jiyo kuka. Na fito na tarar ta cusa fuska cikin filo, kafaɗunta na rawa. Na zaci dodo ta gani. Ashe wurin da Ralph ya sa ƙattin hannuwansa ya ragargaza motar tseren da suka haɗa da Vanellope ne, yarinyar cikin fim ɗin tana ihu tana roƙonsa ya bari. Ta ɗago ta ce, "Kawu, ba abokinta ba ne? Me ya sa ya fasa mata?" Na yi tsuru, domin ni ma ban san dalilin ba. Ban kalla ba.

Wannan shi ne uban kurakuran: ɗaukar cewa duk abin da aka zana na yara ne, kuma duk na yara bai buƙatar idon babba. Zane hanya ce ta yin fim, ba alamar shekaru ba. A 2016 an fitar da katun mai suna Sausage Party wanda hukumar tantance fina-finai ta Amurka ta ba wa harafin R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. A ɓangaren da ya shafi wasannin bidiyo ma akwai irinsu: Castlevania da Arcane duk zane ne, duk daga wasa aka ciro su, amma ba wanda aka yi don ƙananan yara. Su kuwa fina-finan iyali da muke magana a kai, irin su Wreck-It Ralph na 2012 da The Super Mario Bros. Movie na 2023, harafinsu PG ne, ba G ba. G na nufin kowa da kowa. PG na nufin akwai abin da ya kamata iyaye su duba tukuna. Mutane da yawa suna ganin haruffan nan a kusurwar hoton fim su wuce, kamar ado aka yi da su.

Gyaran ba wuya. A duba harafin, a karanta gajeren bayanin da ke ƙarƙashinsa, domin nan ake faɗin dalili. In da hali a kalli fim ɗin kafin yaro, ko da ana tsallake wasu wurare. Amma a sani cewa abin da babba yake zaton zai tsorata yaro sau da yawa ba shi ne yake tsorata shi ba. Ni da an tambaye ni, da na ce ƙwarin ƙarfen nan masu cinye duk abin da suka samu su ne matsalar. Ita ko a jikinta. Cin amanar aboki ne ya karya mata zuciya. Wani yaron kuma wurin da ƙwarangwal suke bin Luigi, ɗan'uwan Mario, cikin duhu a fim ɗin Mario ne zai hana shi barci. Ba wani harafi da zai faɗa maka wannan, sai zama kusa da yaron.

Akwai kuma ruɗanin sunaye, wanda ƙarami ne amma yana ɓata yamma guda. Fim ɗin Mario biyu ne da Turanci masu kusan suna ɗaya. Na 1993 mutane ne na gaske suka fito a ciki, Bob Hoskins ne Mario, garin duhu ne mai datti, kuma bai yi kasuwa ba. Na 2023 shi ne katun ɗin da kamfanin Illumination ya yi tare da Nintendo, wanda ya tara sama da dala biliyan 1.3 a duniya. Wanda ya nemi suna bai duba shekara ba, yana iya kawo wa yara na farkon su yi ta kallonsa suna tambayar ina Mario yake. Haka Sonic na 2020: Sonic ɗin aikin kwamfuta ne, amma yawancin sauran 'yan wasa mutane ne. A riƙa haɗa suna da shekara wajen nema, shi ke nan.

Inda na fi so a tsaya shi ne abin da ke biyo bayan fim. Fim ɗin zaki ko kifi idan ya ƙare ya ƙare. Wannan kuwa sunayen 'yan wasa ba su gama hawa allo ba yaro zai juyo ya ce, "Baba, a sauke mini wasan." Kuskuren da ake yi a nan shi ne zaton cewa tunda fim ɗin ya dace da shi, duk wasan da ya gani a ciki ma ya dace. Ba haka ba ne, domin tantance wasa daban take da ta fim. A Amurka da Kanada hukumar ESRB ce ke yi, an kafa ta a 1994 bayan majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat. Cikin haruffanta akwai E na kowa, E10+ na 'yan shekara 10 zuwa sama, T na 'yan 13, M na 'yan 17. A Turai tsarin PEGI ne tun 2003, shi lamba yake sakawa: 3, 7, 12, 16, 18.

Ga yadda abin yake ruɗarwa. A farkon Wreck-It Ralph akwai taron mugayen cikin wasanni, sun zauna a da'ira a ɗakin fatalwar Pac-Man Ralph yana kukan gajiya da zama mugu. Cikinsu akwai Bowser, wanda wasanninsa na kowa ne, akwai kuma Zangief da M. Bison na Street Fighter, wasan dambe da na baya-bayansa ke ɗauke da T. Wasan sojojin da Ralph ya kutsa neman lambar yabo, Hero's Duty, an kwaikwayo shi ne daga wasannin harbi irin su Call of Duty, waɗanda yawancinsu M ne. Duk suna cikin fim ɗaya mai PG. Don haka kowane wasa a duba shi da kansa, kada ya shigo gida a inuwar fim.

Wani abin kuma, manyan wasannin ukun da labarin ya gudana a cikinsu, Fix-It Felix Jr. da Sugar Rush da Hero's Duty, ƙirƙirar su aka yi don fim ɗin. Disney ta fitar da wasu ƙananan nau'o'insu lokacin talla, amma ba su taɓa zama tsofaffin wasannin da fim ɗin ya nuna ba. Yaro bai san wannan ba. Zai rubuta sunan a waya, ya tarar da manhajoji birjik masu hoton alewa da mota, waɗanda ba su da alaƙa da masu fim ɗin, cike da tallace-tallace. Kafin a sauke, a duba sunan kamfanin da ya yi manhajar. Irin wannan ne ma a bidiyo: a 2017 YouTube ya goge ɗimbin bidiyoyi da aka yi da fuskokin jaruman katun amma abin da ke ciki bai dace da yara ba. Barin waya tana zaɓar bidiyo na gaba da kanta bayan yaro ya gama kallon tirela, nan ake shiga dawa.

Sai maganar kuɗi. Wasan da aka rubuta "kyauta" a kansa galibi saukewa ce kyauta, ciniki yana ciki: lu'ulu'u, sabuwar riga, ƙarin rai. Yaro ɗan shekara shida bai bambance tsabar zinare ta cikin wasa da kuɗin da ke fita daga katin mahaifiyarsa. Ba sabon abu ba ne. A 2014 Apple ya amince da mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta bi kadin sayayyar da yara suka yi ba izini, Google ma ya amince da dala miliyan 19 a shekarar. A 2022 Epic Games, masu Fortnite, suka amince da biyan dala miliyan 520 kan sirrin yara da kuma cajin da mutane ba su yi niyya ba. Maganin minti biyu ne a saitin waya: a sa ta nemi kalmar sirri a kowace sayayya, ba sau ɗaya ba, kuma kada a bar kati a maƙale a wayar da yaro ke riƙewa. Rigakafi ya fi magani, balle ma maganin nan sai an yi ta rubuta wasiƙu.

Hasken allo ma abin lura ne, ko da yake bai shafi kowa ba. Duniyar wasa duniya ce ta walƙiya da launuka masu ƙyalli. Ranar 16 ga Disamba 1997 wani kashi na katun ɗin Pokémon da aka nuna a talabijin a Japan ya haska ja da shuɗi da sauri na 'yan daƙiƙoƙi, aka kwashi fiye da mutum 600 zuwa asibiti, yawancinsu yara, aka dakatar da shirin wata huɗu. Tun daga nan masu yin fim sun ƙara kiyayewa, amma har a 2018 sai da gidajen sinima suka manna gargaɗi kan Incredibles 2. In yaro yana da farfaɗiya ko walƙiya tana sa shi ciwon kai, a karanta gargaɗin farkon fim, a bar fitila a kunne, a ja da baya daga allo.

Akwai kuskuren da mu manya da muka taso da waɗannan wasanni muka fi kowa yi, kuma ni ne shugaban masu laifin: surutu. Da zarar Q*bert ya bayyana a Wreck-It Ralph sai mu dakatar da fim mu fara tarihi, wasan 1982 ne, ga yadda ake tsalle a kan dala. Yaro bai tambaya ba. Shi labarin yake bi. Abin da yake buƙata a faɗa masa kafin a fara kaɗan ne, kuma shi ne muke mantawa. Yaron da ya buɗe ido da wayar shafawa bai taɓa ganin ɗakin da aka jera manyan injinan wasa ana jefa musu tsaba ba. In bai san wannan ba, ba zai gane me ya sa jaruman suke tsoron a cire filogi ba, ko me ya sa tashar da suke haɗuwa soket ce mai baki da yawa, suna tafiya ta cikin wayar lantarki. A nuna masa hoton injin ɗaya, a faɗa masa doka ɗaya: wanda ya mutu a wajen wasansa ba ya dawowa. Daga nan a yi shiru.

Kada kuma a ɗauka kashi na biyu tamkar na farko ne. Ralph Breaks the Internet na 2018 ya bar ɗakin injinan ya koma intanet: gwanjo a eBay, neman suna da bidiyo, da wurin da Ralph ya karanta zagin da mutane suka rubuta a kansa. Ƙarshensa akwai wani ƙaton dodo da aka haɗa da dubban Ralph suna motsi a jikin juna, wanda ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. A ganina ya fi dacewa da yaron da ya fara riƙe waya.

Wasu iyayen kuma can ɗaya gefen suke faɗawa. Yaro ya kwana biyu yana maganar Mario, sai a ce ya kamu, a kulle komai. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, amma sharaɗinta mai nauyi ne: mutum ya kasa sarrafa kansa, wasa ya ture karatu da barci da mu'amala, kuma yawanci a ɗauki wata 12 ana haka. Ɗokin mako guda bai kai nan ba. Abin da hukumar ta shawarta ga ƙanana shi ne kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, wanda ke nufin fim mai minti 90 sai a raba musu shi biyu. Ga manyansu, rigimar kashe wasa ta fi yawa ne saboda muna yanke lokaci da agogo, alhali wasa da zagaye yake tafiya. "Idan ka gama wannan tseren ka ajiye" ya fi "kashe yanzu" aiki nesa ba kusa ba, domin ba wanda yake so a fizge masa sitiyari yana gab da layin ƙarshe.

Bayan mako biyu na sake kunna wa 'yar ƙanwata Wreck-It Ralph, wannan karon ina zaune a gefenta. Da muka kusa wurin motar na ji ta riƙe mini hannun riga. Na raɗa mata cewa Sarkin Alewa, mai mulkin wasan tseren, shi ne ya yi wa Ralph ƙarya, ya ce in Vanellope ta yi tsere za ta mutu, shi kuma ya yarda. Ta yi shiru har aka fasa motar, hawaye ya taru amma bai zubo ba. Can da Felix ya fito da gudumarsa ta zinare ya gyara ta, ta juyo ta harare ni.

"Kawu, da ka sani tun ranar, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"