Yadda ake auna tasirin mujallar fiziks kafin a yarda da lambar da ke shafinta

Sabon malami ko ɗalibin digiri na uku yakan buɗe shafin mujalla, ya ga an rubuta Impact Factor, wato ma'aunin yawan ambaton da masu bincike ke yi wa maƙalun mujallar a nasu rubutun, da wata lamba, ya kwafe ta, ya ɗauka aiki ya ƙare. Lambar nan mafari ce kawai, kuma a fiziks tana ruɗin mutane sosai. Ga yadda ake bin ta.

Fara da tabbatar da mujallar kanta. Ka ɗauki lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar da ake bai wa kowace mujalla, kada ka dogara da suna, domin mujallun bogi suna ɗaukar sunaye masu kama da na sanannu. Ka saka lambar a Master Journal List, jerin mujallu na kamfanin Clarivate, da kuma jerin mujallu na Scopus, ma'ajiyar maƙalu ta kamfanin Elsevier. Duka biyun kyauta ne. Clarivate kaɗai ke fitar da Impact Factor, a rahoton Journal Citation Reports, sau ɗaya a shekara wajen watan Yuni. Duk lambar da wani kamfani daban ya bayar da wannan suna, ka yi watsi da ita. Rahoton na kuɗi ne, sai ta laburaren jami'a, amma ma'aunin CiteScore da shafin SCImago mai jera mujallu ba sa buƙatar ko kobo.

Sai ka san yadda ake lissafin. Eugene Garfield ne ya ƙirƙiro ma'aunin, aka fara fitar da rahoton a 1975. Lambar 2023 ita ce yawan ambaton da aka yi a 2023 na abin da mujallar ta buga a 2021 da 2022, a raba da yawan maƙalun da ta buga a shekarun biyu. A ce maƙalu 400 ne, ambato 1,200, ka samu 3.0. CiteScore na Elsevier yana duba shekara huɗu ne daga ma'ajiyar Scopus, saboda haka ba a jera shi da Impact Factor a ce wannan ya fi wancan.

Mataki na uku shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa. Lambar matsakaici ce, kuma ambato ba ya rabuwa daidai tsakanin maƙalu: 'yan kaɗan ke kwashe kaso mafi tsoka. Koma ga misalin nan. Idan maƙala ɗaya ce ta samu 600 daga cikin 1,200 ɗin, sauran 399 suna raba 600 ne, wato kusan 1.5 kowacce. Rabin lambar da ke shafin ta maƙala ɗaya ce.

Wannan ya faru a zahiri. Mujallar Acta Crystallographica Section A tana da kusan 2 a 2008, sai ta haura zuwa kusan 50 a 2009, saboda maƙala guda ta George Sheldrick kan manhajar SHELX da masu amfani da manhajar ke ambata. Da maƙalar ta fita daga zangon shekara biyu, lambar ta koma wajen 2. A fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra (particle physics) kuwa akwai kundin bita mai suna Review of Particle Physics, wanda Particle Data Group ke fitarwa duk shekara biyu, yana sauya mujallar da ake buga shi a ciki: Chinese Physics C a 2014 da 2016, Physical Review D a 2018, Progress of Theoretical and Experimental Physics a 2020 da 2022. Dubban maƙalu ke ambatonsa. Idan ya sauka a mujalla mai ƙarancin maƙalu, lambarta ta tashi ke nan, alhali sauran abin da take bugawa bai canza ba. Haka ma maƙalu biyu na gwaje-gwajen ATLAS da CMS na cibiyar CERN kan gano ƙwayar Higgs, da suka fito a Physics Letters B a 2012.

Don haka ka sauko da jerin maƙalun da kanka. A NASA ADS, shafin neman maƙalun fiziks wanda kyauta ne, ka rubuta bibstem:PhRvD year:2021-2022 don Physical Review D, ko ka sa taƙaitaccen sunan mujallar da kake so. Ga fannin ƙananan ƙwayoyin zarra, shafin INSPIRE ya fi cika. Ka zuba jerin a Excel, ka tsara shi daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka fitar da abu uku: ambaton maƙalar da ta faɗo tsakiyar jerin, kason maƙalun da ba wanda ya ambata, da abin da matsakaicin zai zama idan ka cire biyar na sama. Idan cire biyar ɗin ya zubar da lambar, mujallar ba ta kai yadda ake yayata ta ba. Ka lura cewa ADS yana nuna jimillar ambato har zuwa yau, don haka adadinka ba zai zo daidai da na Clarivate ba; fasalin rabon kake nema. Adadin tsakiyar nan ya fi lambar shafin gaskiya, kuma shi ya kamata ka fara dubawa.

Bayan haka ka gwada ta da sa'o'inta. Reviews of Modern Physics tana wuce 40, Physical Review Letters tana tsakanin 8 da 9 a shekarun nan, kuma ba wani masanin fiziks da zai ce ta farkon ta ninka ta biyun sau biyar a daraja. Ta farko bitar fanni take bugawa, maƙalu kaɗan masu tsawo da kowa ke ambata. Fannoni ma sun bambanta: masu binciken kayan ƙira da na nano suna da yawa kuma suna ambato da sauri, masu fiziks na lissafi kaɗan ne, suna tafiya a hankali. Ka duba matsayin mujallar a rukuninta, daga Q1 (kashi ɗaya cikin huɗu na sama) zuwa Q4 (na ƙasa), da ma'aunin SNIP na cibiyar CWTS da ke Leiden, wanda ke daidaita wannan bambanci. Mujalla na iya zama a rukuni biyu ta riƙa tallata wanda ta fi kyau a ciki.

Shekara biyu gajere ne a fiziks. Maƙalar Einstein da Podolsky da Rosen ta 1935 a Physical Review sai bayan gomman shekaru ambatonta ya yi yawa. Don haka ka haɗa da lambar da ake lissafawa kan shekara biyar. Kuma tun 1991 masana ke saka aikinsu a arXiv, ma'ajiyar maƙalu ta intanet, kafin a buga, wasu ambaton suna tafiya can, INSPIRE kuwa yana haɗe su da na mujallar.

Sauran da sauri: duba lambar ba tare da ambaton da mujallar ke yi wa kanta ba, rahoton Clarivate yana bayar da ita, duba ma'aunin ambato na shekara biyar mai suna h5-index a Google Scholar, jera lambobin shekara biyar a jere ka ga ko akwai tsalle kwatsam. Idan kuma kwamitin ƙarin girma kake wa aikin, sanarwar DORA ta 2012 kan yadda ake tantance bincike ta ce kada a auna mai bincike da lambar mujalla, don haka ka ciro ambaton maƙalun mutumin ɗaya bayan ɗaya daga ADS ko Scopus ka haɗa da rahotonka.