Yadda Ake Ba Tsohon Kare Man Kifi

Babban kare kan fara tsufa daga shekara 7: tashi da ƙyar da safe, ɗingishi, musamman lokacin hunturu. Man kifi mai sinadarin Omega-3 yana rage kumburin gaɓoɓi.

1. Kai shi wurin likitan dabbobi tukuna, ya duba ƙoda da hanta.

2. Auna nauyinsa: hau sikeli ɗauke da shi, sannan ka cire naka.

3. Duba bayan kwalba, ka haɗa adadin EPA da DHA, wato nau'o'in Omega-3 biyu da ke cikin man. Ana ba da kimanin miligiram 50 ga kowane kilo a rana. Kare mai kilo 20, miligiram 1,000 ke nan. Fara da rabi na mako guda, don yawansa na sa gudawa.

4. Huda ƙwayar man kifin, ka matse kan abincinsa.

Zafin Kano na lalata mai. A ajiye a firiji. In ya fara wari, zubar. Guji man hantar kifi, bitamin A da D sun yi masa yawa. Kada ka kuskura ka ba shi ibuprofen, maganin ciwo na mutane, yana ci masa ciki da ƙoda.

Sai bayan mako 6 zuwa 8 ake ganin canji.