Yadda Matafiyi Zai Fara Shan Shayin Boba

Wanda ya sauka a Taiwan ba zai yi nisa ba sai ya ga mutane riƙe da kofuna masu rufin leda, ga wasu baƙaƙen ƙwallaye kwance a gindi. Wannan shi ne shayin boba, wanda mutanen tsibirin ke kira zhenzhu naicha, wato shayin madara mai lu'ulu'u. An fara haɗa shi a shekarun 1980, kuma gidajen shayi biyu, Chun Shui Tang na birnin Taichung da Hanlin na birnin Tainan, sun daɗe suna jayayya kan wanda ya riga, har a 2019 kotu ta yanke cewa babu wanda ya mallaki haƙƙinsa.

Ƙwallayen da ake cewa lu'ulu'u ba komai ba ne illa sitacin rogo da aka mulmula, aka dafa, aka jiƙa cikin ruwan jan sukari. Daɗinsu a tauna yake, domin ana so su yi laushi amma da ɗan danƙo, yanayin da mutanen Taiwan ke kira QQ.

Inda baƙo ya fi rikicewa shi ne gaban kanta, domin mai sayarwa zai jero masa tambayoyi da sauri, ga layi a bayansa. Yana da kyau ya tsara amsoshinsa tun kafin layi ya zo kansa. Zai fara zaɓar shayin, baƙi ne ko kore ko oolong (wani nau'in shayi da ke tsakanin baƙi da kore), kuma baƙin shayi da madara shi ne na asali, shi ya fi dacewa da karon farko. Daga nan sai batun sukari, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci. Shaguna da yawa suna ba da zaɓi daga babu sukari, zuwa kashi 30, 50, 70, har kashi 100, amma ya kamata a tuna cewa ƙwallayen da kansu sun riga sun sha zaƙi, saboda haka wanda ya ce a cika masa sukari yakan rasa ɗanɗanon shayin gaba ɗaya. Kashi 30 ko 50 ya wadatar. Haka ma ƙanƙara: a nemi a rage ta, don kada ta narke ta tsinka abin sha. Wanda ke son madarar shanu ta ainihi ya faɗa, domin na yau da kullum sau da yawa da garin kirim ake haɗa shi. Mai kiyaye halal kuwa ya tambaya kafin a ƙara masa fudin ko jeli, tun da wasu ana sa musu jelatin, sinadarin daskarar da abinci da akan samo daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade.

Idan kofi ya shigo hannu, sai a girgiza shi kafin a huda, sannan a ɗora shi a kan tebur, a toshe saman bututun zuƙa da babban yatsa, a soka tsininsa cikin ledar a bugu ɗaya. Mai jinkiri ne ke watsa wa rigarsa shayi. A zuƙa a hankali, a tauna ƙwallayen kafin a haɗiye, kuma kada a ba ƙananan yara, domin suna iya shaƙe su. Ba abin ajiya ba ne: bayan 'yan sa'o'i ƙwallayen sukan yi tauri, musamman a cikin firji.

A birnin Taipei an hana ci da sha a cikin jirgin ƙasa na birni da kuma bayan layin da aka shata a ƙofar tashoshinsa, kuma akwai tara, don haka a shanye kafin a shiga. Tun daga 2022, wanda ya zo da kofinsa manyan shagunan Taiwan sukan rage masa aƙalla dalar Taiwan 5.